Idan birni ya ci gona, ina manomi zai nufa?

Duk wanda ya san Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa shekaru 20 da suka wuce, in ya komo yau sai ya nemi ɗan rakiya kafin ya gane hanya. Inda ya bar gero da wake, yanzu bulo ne da kwano. Inda makiyaya ke bi da shanunsu, an kakkafa turakun siminti masu lamba, kowane da mai shi. Birni yana tafiya, kuma a kan gonakin ƙauyukan da ke kewaye da shi yake aza ƙafa.

Jama'a masu karatu, mu ba mu ga laifin birni don ya girma ba, domin yaron da ya girma dole a canza masa riga. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake ɗinka rigar. Shin akwai wanda ya auna kafin a yanka? Wa ke riƙe da almakashin? Mai ƙyallen kuma, wato manomin da aka yanka gonarsa, me ya samu? Mu da ke aikin rediyo mun san cewa duk ranar da aka buɗa layin waya a kan maganar filaye, lokacin shiri ba ya isa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware zancen a rubuce, daki-daki.

Abin da alƙaluma ke faɗi

Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka kai shi Yamai a shekarar 1926, Yamai ƴan ƙauyuka ne a bakin kogin Isa. A shekarar 1960 da muka samu ƴancin kai, mutanen garin wajen dubu 30 ne. Ƙidayar 1988 ta iske kusan dubu 400, ta 2001 ta iske sama da dubu 700, ta 2012 kuwa miliyan 1 da dubu 26. Maraɗi ma haka: mutum dubu 44 a 1977, dubu 110 a 1988, dubu 148 a 2001, sannan dubu 267 a 2012. Ƙidayar 2012 ɗin ta nuna al'ummar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara, ma'ana cikin ƙasa da shekaru 20 yawanmu yana ninkawa. Ga haihuwa a cikin birni, ga kuma waɗanda fari, yunwa da rashin tsaro ke korowa daga karkara.

To mu kuma ba mu saba da zaman bene ba. Kowane magidanci burinsa gidan ƙasa mai tsakar gida, inda za a ɗaure tumaki a kuma shimfiɗa tabarma lokacin zafi. Mu yi lissafi mai sauƙi: in kowane iyali ya samu fili mai murabba'in mita 400, iyali 1000 sun cinye eka 40, irin ekar nan ta hekta mai murabba'in mita dubu 10. In an haɗa da hanyoyi, makaranta, kasuwa da maƙabarta, sai a kai eka 60 ko fiye. Wannan ƙasa ba daga sama za ta faɗo ba. Gonar wani ce.

Kakanninmu sun san tsarin gari

Kada wani ya ɗauka cewa shata iyakar gari da hangen gobe ilimin Turawa ne. Ganuwar Kano da aka gina ɗaruruwan shekaru da suka wuce ta kewaye gidaje, ta kuma kewaye gonaki masu faɗi, har da duwatsun Dala da Gwauron Dutse, domin in yaƙi ya tsare ƙofofi a samu abin ci, in jama'a ta ƙaru kuma a samu wurin gini. A Damagaram, Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa a cikin shekarun 1850, fatake da baƙi kuma suna da Zangonsu a waje, kowa ya san matsayinsa.

Maraɗi ma tana da nata darasi. A da garin yana cikin fadamar gulbi ne, sai ambaliyar shekarar 1945 ta rusa shi, aka hau da shi bisa tudu. Kafin a aza tubali sai da aka ja hanyoyi miƙaƙƙu, aka ware wurin kasuwa da na fada, sannan aka raba wa unguwanni irin su Mokoyo, Bagalam, Limanci, Ƴandaka, Maradawa da Ɗan Gulbi wurarensu. Shekaru 80 ke nan, amma har yau waɗannan hanyoyi ne ke ɗauke da tsakiyar garin. Wanda ya bar tsakiyar Maraɗi ya shiga wasu sababbin unguwannin gefe da damina, shi zai ba da labarin bambancin wurin da aka tsara kafin mutane su zo, da wurin da mutane suka riga tsari zuwa.

Yadda Yamai ta haɗiye maƙwabtanta

Gudel, Gamkalle, Yantala da Saga, waɗanda matasan yau suka sani a matsayin unguwanni, duka ƙauyuka ne masu masu-garinsu, gonakinsu da tarihinsu. Da aka buɗa gadar Kennedy a 1970, birni ya tsallaka kogi ya iske Lamorde, Nogare da Kirkisoy. Gada ta biyu ta zo a 2011, ta uku a 2021, kuma kowace gada sabuwar ƙofa ce ta shiga gonaki.

Hukuma ta yi ta ƙoƙarin bin birnin da doka. A 1988 aka ba Yamai matsayin babbar da'irar birni mai cin gashin kanta. A 2002 aka yi dokar da ta kafa kwamin-kwamin a duk faɗin ƙasa, aka zaɓi kansilolin kwamin 265 a watan Yulin 2004. A watan Satumban 2010 kuma aka mai da Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa birane masu matsayi na musamman, aka kasa Yamai da'ira 5, Damagaram 5, Maraɗi 3, Tawa 2. A lokacin waɗannan sauye-sauye an shigar da ƙauyuka da dama cikin iyakar birane. Da'ira ta 5 ta Damagaram, alal misali, yankin Babban Tapki ne, ƙasar noma.

Amma bulo ba ya karanta taswira. Gidajen Yamai sun riga sun kai iyakar kwamin Libore, Karma, Hamdallay da Bitinkoji, a wasu wuraren ma sun tsallaka, alhali waɗannan kwamin duka na gundumar Kollo ne a jahar Tilaberi. Sai ka ga mutum yana kwana a jahar Tilaberi, yana aiki a Yamai, ƴaƴansa na lekol a Yamai, in ciwo ya tashi kuma asibitin Yamai zai nufa. Kwamin ta karkara ita ta sayar masa da fili ta karɓi kuɗin, birni kuwa shi ke ɗaukar nauyinsa. In ya nemi famfo ko motar kwasar shara, wannan ya ce ba yankina ba ne, wancan ya ce ba ni da hali.

Ashe haɗiye ƙasa iri biyu ne. Akwai wanda ake yi da doka, a zauna a matsar da iyaka kowa ya sani. Akwai kuma wanda ake yi a ɓoye, gona bayan gona, ba tare da kowa ya ɗauki alhaki ba. Na biyun shi ya fi yawa a garuruwanmu, kuma shi ya fi ɓarna.

Ba wai ba a taɓa yin tsari ba. A 1984 an yi wa Yamai babbar taswirar tsarin birni, amma wa'adinta ya cika, garin kuma ya wuce inda ta yi hasashe. Tun 1965 aka fara dasa dajin bedi da ya kewaye garin ta gefen tudu, wanda aka yi niyyar ya kai eka 2500, don ya tare ƙura da iska ya kuma zama kamar ganuwar zamani. Yau birnin ya tsallake shi ya bar shi a baya, an kuma ci wani sashe nasa da gine-gine da juji. Tsarin da babu mai tsaronsa takarda ce kawai.

Lotisma: daga aikin tsari zuwa saniyar tatsa

A ƙa'ida, abin da muke kira lotisma aiki ne mai matakai. Masu awo su auna wurin, a zana taswira, a fitar da hanyoyi da magudanan ruwa, a ware filayen makaranta, asibiti, kasuwa, masallaci da maƙabarta, ma'aikatar ministan tsara birane ta duba ta amince, a jawo ruwa da wutar lantarki, sannan a sayar wa jama'a, kowa ya karɓi takardarsa ta akt da sesiyo. Abin da muke gani a mafi yawan wurare kuwa, mataki biyu ne kawai: a kafa turaku, a karɓi kuɗi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikatun magajin gari ba su da ƙarfin tara haraji, ga albashin ma'aikata, ga bashin wuta da na man mota. Hanya mafi sauƙi ta samun kuɗi a dunƙule ita ce a yanka gonaki. Ita kanta gwamnati ta bi wannan hanya: a farkon shekarun 2000, zamanin shugaba Tanja Mamadu, an biya ma'aikatan gwamnati wani sashe na bashin albashin da suka biyo tun shekarun 1990 da filaye. Ma'aikata sun samu sauƙi, babu shakka, amma an shata dubban filaye lokaci guda a wuraren da babu ruwa babu hanya, da yawa daga cikin waɗanda suka samu kuma suka sayar nan take ga masu kuɗi. Tun ƙarshen shekarun 1990 an kuma buɗa wa ƴan kasuwa ƙofar yin nasu lotisma, sai harkar ta koma tsere: wanda ya riga kai wa mai gona kuɗi shi ke da wuri.

Sakamakon kowa na ganinsa. Mai hali ya sayi filaye 10 ko 20 ya ajiye, domin a ƙasar nan fili ya fi banki riba. Sai ka ratsa unguwa guda ka iske rabinta kangaye ne da katanga ba gida, matattarar shara da maɓoyar ɓarayi, alhali talaka mai neman inda zai sa haƙarƙarinsa an tura shi can bayan gari. Filin da taswira ta ce na makaranta ne, bayan ƴan shekaru a wayi gari an yayyanka shi. Fili guda a sayar wa mutum biyu ko uku, kowa da takardarsa mai hatimi, a kwashe shekaru ana kai da kawowa a gidan shari'a. An yi dokar tsara birane a 2008, aka sake wata a 2013, aka kuma sake a 2017. Dokoki uku cikin ƙasa da shekaru 10 shaida ce cewa mahukunta sun san da ciwon. Sai dai rubuta magani a takarda daban, shan sa daban.

Lissafin mai gona

Dokokinmu ba su manta da manomi ba. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta ce mallakar ƙasa ta gargajiya, wadda mutum ya gada kaka da kakanni, tana da kariya daidai da mallakar da ke rubuce. Dokar 1961 a kan karɓar fili don amfanin jama'a, wadda aka gyara a 2008, ta ce sai an biya diyya ta adalci, kuma kafin a karɓa, ba bayan an karɓa ba. Gyaran 2008 ya ƙara da maganar sake tsugunar da waɗanda aka tayar.

A aikace, abin da aka saba shi ne a ba mai gona wani kaso na filayen da aka fitar daga gonarsa. A Yamai an jima ana maganar kashi ɗaya cikin huɗu. Mu auna mu gani. Eka guda, in an cire hanyoyi da wuraren jama'a, tana ba da filaye kamar 15 masu murabba'in mita 400. Rabon mai gona 3 ko 4 ke nan. A ido abin kamar arziki ne, domin kuɗin fili guda a gefen birni ya fi abin da gonar za ta ba shi cikin shekaru masu yawa, tunda ekar gero a ƙasarmu kilo 400 zuwa 500 take bayarwa in damina ta yi kyau. Amma gonar gandu ce, magada suna da yawa. A sayar da fili guda a yi bikin aure, a sayar da na biyu a sayi babur, na uku ya tafi wajen magani ko biyan bashi. Shekara biyu ko uku, kuɗi sun ƙare. Gona kuwa duk shekara tana haihuwa: ga gero, ga wake, ga harawa da kara na dabbobi, kuma ana barin ta ga jikoki. Sai ka ga dattijon da ke cika rumbu ya koma maigadi a gidan da aka gina kan gonar mahaifinsa, ƴaƴansa kuma wani na kabu-kabu, wani na buga bulo, wani ya kama hanyar Agadas.

Wannan ma wanda ya samu wani abu ke nan. Akwai waɗanda ba a ko rubuta sunansu. Mai aron gona wanda ya shekara 30 yana noma ta, ba shi da kaso. Wanda ke riƙe da jingina, sai dai ya bi mai gona da rigima. Matan da ke noma gamanarsu a gefen gandu, suna samun na cefane da na kayan ɗakin ƴaƴansu mata, ba a tambayarsu. Makiyayi da burtalinsa da mashayarsa suka faɗa cikin lotisma, duk da dokar kiwo ta watan Mayun 2010 ta kare irin waɗannan wurare, sai dai ya kora dabbobinsa cikin gonar wani, rikici ya tashi.

Saboda tsoron kada hukuma ta zo ta karɓa da araha, masu gona da yawa kan riga ta: su yanka gonar da kansu, su sayar da takardar shaidar mai gari, ba hanya ba magudana. Haka Talaje ta samo asali a Yamai, haka unguwar Peyi-Ba ta tashi a cikin kwari. A Damagaram akwai unguwar da ake kira Share Zamna, sunan kaɗai ya isa labari. Bayan shekaru, in hukuma ta zo fasa hanya a irin waɗannan wurare, sai an rusa gidajen talakawa, a kashe ninkin abin da za a kashe da an yi tsari tun farko.

Ruwa ba ya manta hanyarsa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, mu kuma za mu ƙara da cewa ba ya manta hanyarsa. Ƙasar da ta fi araha a gefen gari ita ce ta kwari, ta bakin korama da ta tsohon tapki, kuma can ake tura marasa hali. A 2012 kogin Isa ya cinye unguwannin bakinsa, aka kwashe mutane aka kai su Seno. A watan Satumban 2020 kogin ya kai tsayin kusan mita 7 a Yamai, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan, madatsa ta ɓalle, Lamorde, Karaje da Kirkisoy suka koma tafki. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a faɗin ƙasa, ta shafi sama da miliyan 1 da rabi. Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni ya rushe. Ruwan sama daga Allah ne. Amma toshe korama da gini, da cike tapki da shara don a samu fili, da ba mutum takarda a kan hanyar ruwa, waɗannan aikin hannunmu ne.

Damagaram kuma tata matsalar ta ƙishirwa ce. Garin yana zaune bisa dutse, ruwan shansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo-Macaya, Arunguza da Ganaram. Duk sabuwar unguwar da aka shata ba tare da lissafin ruwa ba, an ƙara wa ƴan garuwa ciniki ne, an kuma ƙara wa mata da yara tsayuwar dare a bakin famfo.

Maraɗi a cikin matsi

In akwai garin da ya kamata ya yi wannan tunani da gaggawa, Maraɗi ce. Ta yamma gulbi ya tare ta. Ta arewa ga Tsibiri, tafiyar ƴan mintoci a mota, wadda ke cikin gundumar Gidan Rumji. Ta kudu da gabas ga Jiratawa da Safo na gundumar Madarunfa. Iyakar nan kuma ba ta hukuma kaɗai ba ce: tsakanin Maraɗi da Tsibiri akwai iyakar sarautu biyu masu tarihi, ta Katsina da ta Gobir, kuma duk wanda zai taɓa ta sai ya yi da ladabi da shawara.

Ga kuma layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021. Kowa ya san duk inda aka ce za a yi tasha ko ma'ajiyar kaya, dillalai kan riga injiniyoyi isa. In ba a shata tun yanzu inda gari zai nufa da inda ba zai taɓa ba, fadamar gulbi da gonakin noman rani na Jiratawa, waɗanda ke ciyar da kasuwannin garin da kayan miya, za su shiga bakin masu kuɗi. Garin da ya gina gidaje a kan lambunsa, daga ina zai sayo tumatir?

Darasi daga Habasha

Wanda ke ganin maganar gonakin gefen birni ƙaramar magana ce, ya dubi ƙasar Habasha. A 2014 hukumomi suka fito da wani babban tsari na haɗa Adis Ababa da garuruwa da gonakin jahar Oromiya da ke kewaye da ita. A takarda, tsari ne na hanyoyi, ruwa da masana'antu. Amma manoman Oromo, waɗanda suka riga suka ga yadda aka tashi ƴan uwansu da diyya kaɗan, sun ɗauke shi ƙwace. Zanga-zanga ta ɓarke a 2014, ta sake tashi da ƙarfi a watan Nuwamban 2015. An janye tsarin a watan Janairun 2016, amma wutar ta riga ta kama: ɗaruruwan mutane sun mutu, firaminista Hailemariam Desalegn kuma ya yi murabus a watan Fabrairun 2018. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tsari, komai kyansa, in an yi shi a ofis ba tare da masu ƙasa ba, fitina yake haifarwa.

Abin da muke ganin ya dace

Na farko, taswira ta riga turaku. Kowane babban gari ya kasance da tsarin shekaru 20 da ya nuna inda za a faɗaɗa, inda manyan hanyoyi za su bi, da inda makarantu da asibitoci za su zauna. A liƙa taswirar a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a kuma yi bayaninta a gidajen rediyo da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci, domin abin da jama'a suka sani yana da wuyar sata.

Na biyu, birni da kwamin ɗin da ke maƙwabtaka da shi su zauna tebur guda. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ba su damar haɗa gwiwa a kan aikin da ya shafe su tare. Su yarda a kan wa zai shata, wa zai kawo ruwa, yaya za a raba kuɗin shiga. In kuma ta kama a matsar da iyaka, a yi shi da doka a bainar jama'a, bayan an saurari sarakuna, masu gari, manoma da makiyaya. Ƙauyen da aka shigar cikin birni shi ya kamata ya fara ganin famfo, lantarki da hanya, kafin mai karɓar haraji ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Na uku, diyya ta zama abin da zai ɗore. Kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo, na ƙauye da na kwamin, su rubuta sunan duk mai cin abinci a gonar, har mai aro da mata, tun kafin masu awo su iso. A biya kafin a karɓa kamar yadda doka ta ce. Bayan filaye, a ware wa mutanen ƙauyen shaguna a sabuwar kasuwa, ko wata gonar a wani wuri, ko koyon sana'a ga matasansu, don kada arzikin ya ƙare ranar da kuɗin fili suka ƙare.

Na huɗu, a fitar da ƙasar da ba a taɓawa ko nawa aka bayar: fadamu, gonakin shinkafa irin na Saga da Kirkisoy, koramu, tapkuna, burtali da abin da ya rage na dajin bedi. Duk jami'in da ya sa hannu a takardar fili a irin waɗannan wurare, ya amsa da kansa a gaban shari'a.

Na biyar, kada a sayar da fili ko guda sai an fasa hanya an kawo ruwa. Kuɗin da aka samu daga filaye a sa su a asusu na daban don aikin unguwar da aka shata, kada su tafi ga albashi da man mota.

Na shida, a cika cikin gari kafin a nufi daji. A aza haraji mai nauyi a kan kangon da ya shekara da shekaru ba gini, a fitar da ƙananan filaye daidai ƙarfin talaka, a kuma ƙarfafa ginin bene a tsakiyar gari. Kowace eka da aka cika a ciki, gona guda ce aka ceta a waje.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, jami'an da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da birane da kwamin. Ba su da ƴan siyasar da za su saka wa da filaye, wannan dama ce ta tsabtace harkar. Amma kuma ɗan ƙauye ba shi da kansilan da zai kai wa kuka, don haka nauyin bayyana wa jama'a komai ya ƙaru a kansu: eka nawa aka shata, wa ya samu, nawa aka tara, ina kuɗin suka shiga.

Mu kanmu masu saye muna da namu rabo. Kafin mu miƙa kuɗi mu tambayi taswira, mu je wurin da damina mu ga inda ruwa ke bi, mu kuma bincika ko an sallami mai gonar. Albashi ana sake samunsa, gini ana rusawa a sake, amma ƙasa Allah bai ƙara ko taki guda a kanta ba tun da ya halicce ta. Yaran da ake haifa yau su ne za su zauna cikin garuruwan da muke shatawa, ko su yi mana addu'a ko su yi mana Allah ya isa. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya sa mu gane.